Wasiƙa Daga Amurka: Dalilin Da Ya Sa Ba Zan Aiko Da Irin Masarar Nan Ba

Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga su Baffa da su Kawu da su Gwaggo, da yayye da ƙanne na Funtuwa da na Daura, da kuma danginmu na Maraɗi. Mu ma a nan jihar Iowa muna nan lafiya lau, sai dai kewar gida.

Wasiƙar yau amsa ce ga wata buƙata da ta yi ta zuwa mini daga wurare daban-daban tun da na aika da hotunan gonakin masarar ƙasar nan. Kowa maganarsa ɗaya ce, wato a samo mana irin, ko da tiya guda ce. Har akwai wanda ya ce a shirye yake ya kai ragonsa kasuwa don ya biya kuɗin irin da na aikowa. To na ga ya fi kyau in yi bayani sau ɗaya kowa ya karanta, waɗanda ba sa karatun boko kuma don Allah a karanta musu. Amsata a taƙaice ita ce ba zan aiko ba, kuma ba rowa ce ta hana ni ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, babu wani iri a duniya da za a ɗaga a ce shi ne mafi kyau a ko'ina. Amfanin da mutum ya gani a gona, na iri ne da wurin da aka shuka shi, su biyu a haɗe. Idan aka raba su, sau da yawa kara kawai ake samu.

Bari mu fara da abin da kuka gani a hoton. Gaskiya ne, a shekarun baya-bayan nan manomin Iowa yana samun fiye da tan 12 na masara a hekta ɗaya, wato sama da buhu 120 mai kilo 100, alhali a Nijeriya idan aka haɗa gonakin ƙasa baki ɗaya aka raba, abin da ke fitowa bai wuce wajen tan 2 ba. Wannan tazara ce mai tayar da hankali, kuma ban ga laifin wanda ya gani ya yi sha'awa ba. Sai dai hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin masarar. Ƙasar nan baƙa ce wuluk mai zurfi, wadda ciyawar daji ta shekara dubbai tana ruɓewa a cikinta. Tana riƙe ruwa kamar soso. Ana zuba mata takin zamani gwargwadon abin da awo ya nuna tana buƙata. Sannan a lokacin da masarar ke girma, rana tana daɗewa a sama fiye da yadda muka sani a gida. An shekara kusan 100 ana tace irin nan don ya dace da wannan ƙasa da wannan taki da wannan hasken rana. An ɗinka masa rigar daidai jikinsa.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, su kansu manoman nan ba sa yarda da irin da aka yi don wata jiha mai nisa. Kowane buhun iri yana ɗauke da lambar da ke nuna tsawon lokacin da yake buƙata kafin ya nuna, kuma wanda ke arewacin Iowa ba ya sayen lambar da ake shukawa a kudancinta, domin sanyi mai ƙanƙara zai riga shi zuwa gonar. A waken suya ma abin ya fi tsanani. An kasa irinsa rukuni-rukuni tun daga lamba 000 ta can Kanada har zuwa lamba 10 ta ƙasashe masu zafi, kowane rukuni da ɗan zirin ƙasar da yake yi a cikinsa. Iowa tana shuka lamba 1 zuwa 3. To jama'a, idan mutumin da ke da injuna da taki da inshora yana tsoron irin da ya fito daga tafiyar rabin yini a mota, mu me zai sa mu miƙa abincin shekararmu ga irin da ya ƙetare teku?

Sirrin abin yana cikin tsawon rana da dare. Mu a gida ba mu cika lura da shi ba saboda bambancin kaɗan ne. A Kano rana mafi tsawo a shekara ba ta kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ta ɗan haura awa 11. A nan kuwa a watan Yuni rana tana haura awa 15, a watan Disamba ta koma wajen awa 9. Shuke-shuke da yawa, kamar dawa da maiwa da waken suya da wakenmu na gargajiya, suna auna wannan tsawo, kuma da shi suke sanin lokacin da za su daina yin ganye su fara fure. Idan aka kai waken suyan Iowa Funtuwa, tun daga ranar da ya tsiro zai ga dare mai tsawo, ya ɗauka kaka ta yi, ya yi sauri ya yi fure tun yana ɗan ƙarami, ya ba da 'ya'yan da ba su taka kara sun karya ba. Idan kuma aka kawo kaurarmu nan Iowa, sai ta yi ta jiran daren da ta sani, ta yi ta miƙewa har ta wuce tsayin ɗaki ba ta fid da kai ba, sanyin Oktoba ya zo ya ƙone ta a tsaye. Saboda wannan matsala ce tun a 1963 masanan Amurka suka kafa wani shiri na musamman na juya dawar Afirka da ta Indiya ta zama gajeriya mai saurin fid da kai, kafin su iya cin moriyarta a gonakinsu. Kun ga ke nan ba irinsu kaɗai ke rikicewa a wurinmu ba, namu ma yana rikicewa a wurinsu.

Masarar nan ba ta damu da tsawon rana kamar waken suya ba, amma zafi yana gaggauta ta. A zafinmu za ta yi hanzari ta yi goyo tun ba ta tara ƙarfi ba. Ga kuma abokan gaba da ba ta taɓa haɗuwa da su ba. Babu ƙuduji a gonakin Iowa, wanda wasunmu ke kira wuta-wuta. Babu cutar nan da ke zana fararen layuka a ganyen masara ta tsugunar da ita, domin cutar Afirka ce. Ba a tace irin nan don ya jure ko ɗaya daga cikinsu ba, tun da ba a san su a nan ba. Ƙwayarta kuma mai taushi ce, mafi yawanta man mota da abincin dabbobi ake yi da ita, kuma ana busar da ita da inji a zuba a rumbun ƙarfe. A rumbunmu na ƙasa da zana, ƙwari ne za su yi biki.

Yanzu mu dawo gida, domin wannan magana ta fi ƙarfi a tsakaninmu mu kanmu. A wajen Funtuwa da Zariya ruwan shekara yana kai wajen milimita 1,000, damina tana ɗaukar kusan wata biyar. A Daura ya ragu sosai, a Maraɗi kuwa wajen rabin na Zariya ake samu, damina ba ta cika wuce wata uku da 'yan kwanaki ba. Ɗauki masara iri biyu, mai kwana 120 da mai kwana 85, ka shuka su gefe da gefe a Funtuwa. Mai kwana 120 za ta ci, domin ta fi samun lokacin tara abinci. Kai su Daura ka sake gwadawa, sai lissafin ya juye, mai kwana 85 ta nuna ta ba da abin da ta ba da, ita kuwa babbar ruwa ya ɗauke ya bar ta da goyon da babu ƙwaya. To wacce ta fi kyau a cikinsu? Tambayar ba ta da amsa sai an faɗi gari. Wannan juyewar lissafi ita ce masana aikin gona suka fi shan wahala a kanta, kuma saboda ita ce ba a sakin sabon iri a Nijeriya sai an gwada shi a wurare da dama, damina fiye da ɗaya, har da gonakin manoma.

Kakanninmu sun san wannan tun ba a ba shi suna a jami'a ba. A shekarun 1960 masu bincike a Samaru sun bi diddigin dawar gargajiya ta sassan Arewa, suka tarar kowace dawa tana fid da kai daidai da lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankinta. Ko an shuka ta da wuri ko an makara, tana jiran lokacinta. Hikimar a fili take. Idan zangarniya ta fito ana tsakiyar marka, ruwa zai sa ƙwayar ta yi fumfuna ta yi baƙi. Idan ta fito bayan ƙasa ta bushe, ba za ta cika ba. Saboda haka idan aka ɗauko dawar kudancin Zariya aka kai Daura, sai ta makara, idan kuma aka ɗauko ta Daura aka kai kudu, sai ta riga lokaci, ruwa ya lalata ta, tsuntsaye su taru a kanta tun da ita kaɗai ce ta nuna a karkarar. Babu wanda ya rubuta wa kaura da farafara wannan jadawali. Hannun su Baffa ne da na iyayensu, da ke zaɓar zangarniya mafi kyau kowace kaka su rataye, shekara bayan shekara. Haka ma raba gero da maiwa da aka yi, ɗaya mai sauri don ya fid da gida daga yunwar tsakiyar damina, ɗaya mai jinkiri don ta cinye sauran ruwan, ilimi ne cikakke.

Na san akwai abokaina 'yan boko da za su ce, malam, ka manta cewa ita kanta masarar baƙuwa ce? Ban manta ba. Masara da gyaɗa da rogo da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo mana, yau kuma sun zama 'yan gida. Za su kuma kawo misalin Norman Borlaug, wanda ɗan jihar Iowa ɗin nan ne, wanda alkamar da ya tace a Meziko ta je ta cika rumbunan Indiya da Pakistan har aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Wannan hujja ce mai ƙarfi kuma na karɓe ta. Amma a duba yadda aka yi. Borlaug ya riƙa shuka alkamarsa sau biyu a shekara, sau ɗaya a kwarin Yaqui da ke kusa da teku a arewacin Meziko, sau ɗaya kuma a Toluca, kan tudu mai tsayin kusan mita 2,600, inda ƙasa da sanyi da tsawon rana da cututtuka duk suka bambanta. Wadda ta yi kyau a wuraren biyu ita kaɗai yake ajiyewa. Da haka ya samu alkamar da ba ruwanta da tsawon rana. Sannan Indiya ba ta sayi tan 18,000 na irin a 1966 ba sai bayan da masananta suka shekara suna gwada shi a gonakinsu. Kuma inda ta yi abin mamaki shi ne inda ake ban ruwa ana zuba taki. Wato sai da aka gyara wurin ya dace da irin.

Muna da misalai irin wannan a kusa da mu. Geron nan da ake kira Sosat, wanda da yawa daga cikinku kuke shukawa, a Mali aka haɗa shi, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta gwada shi, aka sake shi a Nijeriya a shekarar 2000. Ya yi tafiya mai nisa, amma daga yamma zuwa gabas ya yi ta, a kan layin rana ɗaya da irin damina ɗaya, shi ya sa bai yi baƙunta ba. Masarar da ta mamaye ƙasar Funtuwa bayan an buɗe shirin bunƙasa noma na yankin a 1975, wadda ta tashi daga amfanin bayan gida ta zama ta buhuna, an tace ta ne a Ibadan da Samaru don ƙasarmu. Haka ma Birazil, da ta so noman waken suya a yankinta mai zafi, irin Amurka bai yi mata ba, sai da masananta suka ɗauki shekaru suna tace wanda zai jinkirta fure a gajeriyar rana. Iri yana tafiya, ban musa ba. Amma ta hannun masu gwaji yake bi, ba ta cikin akwatin matafiyi ba. Ko a doka ma, iri ba ya ƙetare iyaka sai da takardar shaidar lafiyarsa, domin cuta tana iya laɓewa a jikin ƙwaya ta shiga ƙasar da ba a san ta ba.

Wani abin kuma, ko juriya ga cuta tana da iyakar ƙasa. Akwai wani wake na gargajiya daga Botswana da masana ke kira B301, wanda aka gano ƙudujin wake ba ya iya kama shi a Nijeriya da Nijar, har aka yi amfani da jininsa wajen haɗa sababbin irin wake a tashar IITA ta Kano. Amma da aka shuka shi a wani yanki na Jamhuriyar Benin da ake kira Zakpota, sai ƙudujin can ya kama shi. Ashe shi ma ƙudujin dangi-dangi ne, kowace ƙasa da nata. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu iya magana.

Kada kuma wani ya fahimce ni da cewa ina kiran a rungume tsohon iri a rufe ido. Wurin da aka zaɓi tsohon irin dominsa shi ma yana sauyawa. Su Kawu sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga yadda maiwa da dogayen dawa suka ja baya a garuruwan arewa saboda damina ta daina isar su. Ƙasar da ake barinta ta huta a da, yanzu kowace shekara ana nomanta, ta gaji, ƙuduji ya yi yawa. Irin da ya dace da gonar kakanmu ba lallai ne ya dace da gonar a yadda take yau ba, ko da kuwa iyakokinta ba su motsa ba. Don haka muna buƙatar sabon iri ƙwarai, amma wanda aka auna a ƙasa irin tamu.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gari guda ya watsar da duk abin da yake da shi ya koma iri ɗaya tak saboda ya yi kyau a damina ɗaya. Amurkawa sun ɗanɗana wannan a 1970, lokacin da wajen kashi 85 cikin 100 na masararsu ke ɗauke da gado guda ta wajen uwa, wata cutar ganye ta zo ta same su duka da rauni iri ɗaya, ƙasar ta yi asarar wajen kashi 15 cikin 100 na masararta a shekara guda. Mu ma dattawa ba su manta da 1975 ba, da kuturtar gyaɗa wadda darɓa ke yaɗawa ta cinye wajen hekta 700,000 a Arewa, abin da ya taimaka wajen kwantar da dalar gyaɗar Kano. Attajirin manomi zai iya neman irin da ke ba da amfani mafi yawa a shekara mai kyau, in ta ɓaci ya jira wata. Mai iyali goma da rumbu ɗaya kuwa, abin da ya fi masa shi ne irin da ba ya barinsa hannu wofi a shekara mara kyau, ko da bai kai wancan ba a shekarar albarka.

Saboda haka ga shawarata, musamman ga ƙannena da suka karɓi gonakin gida. Duk wanda ya kawo muku sabon iri, ko ɗan kasuwa ne ko malamin gona ko ɗan siyasa, ku yi masa tambaya uku. Kwana nawa yake yi ya nuna? A wane gari aka gwada shi? Buhun taki nawa yake so kafin ya ba da abin da ake faɗa? Idan ya kasa amsawa, ku riƙe kuɗinku. Idan ya amsa, ku duba ko buhun yana ɗauke da shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa, sannan ku sayi kaɗan. Ku ware kunya goma a tsakiyar gona, ba a gefen da shanu ke kwana ba, ku shuka sabon kusa da tsohon a rana ɗaya, ku ba su taki ɗaya da noma ɗaya. Da kaka ku auna kowanne da tiya ɗaya, ku rubuta. Ku maimaita a damina ta biyu, in da hali har ta uku, domin damina ɗaya ba ta isa shaida ba. Mai gona a jigawa da fadama ya gwada a kowacce, tun da ko a gari ɗaya ba su zama wuri ɗaya ba.

Kada kuma a yanke hukunci sai an ji ta bakin su Inna da su Gwaggo. Su ne za su faɗa ko yana surfuwa, ko garinsa yana auki, ko tuwonsa yana kwana ya yi ɗumame. A duba karan ma, ko dabbobi suna ci, ko yana yin danga. A kuma tambaya ko irin mai aure ne, wanda ake kira haibirid, domin shi idan aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa sai su rarrabu amfanin ya ragu, dole kowace shekara a sayi sabo. Mutum ya san wannan tun kafin ya shiga. Uwa uba, ko sabon ya ci jarrabawa, a bar wa tsohon irin gida 'yan kunyoyinsa. Kaurar da aka shekara 100 ana zaɓa a gidanmu, idan ta ɓace, babu kantin da za a je a sayo ta.

Wanda ya yi niyyar sayar da rago, don Allah ya bar ragonsa ya ci gaba da ba shi taki. Abin da zan iya yi, kuma na yi alkawari, shi ne in taimaka da kuɗin irin gwaji daga wanda aka tace a Samaru ko Kano ko Maiduguri, na Maraɗi kuma daga cibiyar binciken noma ta Nijar, da sharaɗin a rubuto mini sakamakon awo da kaka, na Funtuwa daban, na Daura daban, na Maraɗi daban. In muka yi haka shekara uku, za mu san abin da ya karɓi kowace gona tamu da hujjar da muka auna da hannunmu.

A nan zan dakata sai wasiƙa ta gaba. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, musamman manoman da suka fi ni sanin ƙasar, ƙofa a buɗe take, ina sauraro. A gaishe da kowa da kowa, manya da yara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfaninmu, ya sada mu da alheri. Wassalam.

Naku a kullum,
Ɗan uwanku na Iowa